Fenti huɗu za su isa zana rago?

Tambaya: Malam, ni mai zanen allon talla ne a Aboabo, nan Kumasi. Wani mai tsire ya ce in zana masa rago da zabo a allonsa, ga fenti ya yi tsada a kasuwar Kejetia. Fari, baƙi, ja da rawaya kawai gare ni. Za su isa?

Amsa: Ɗan'uwa, sun isa har da ragowa. Anders Zorn, mai zanen nan na ƙasar Suwidin da ya rasu a 1920, ya yi suna wajen aiki da irin waɗannan launuka huɗu, sai dai rawayarsa mai kama da ƙasa ce.

Farin ragon nake so ka fi kula da shi. Kada ka shafa fari tsantsa. Na taɓa zama da hantsi gaban ragon layyarmu ina ƙare masa kallo. Gadon bayansa inda rana ta buga ya ɗan yi rawaya, ƙarƙashin cikinsa kuwa toka-toka ne mai sirkin shuɗi. Ɗiga baƙi kaɗan cikin fari, za ka samu wannan launi. Farin gaske ka adana shi don ƙyallin ido. Ƙaho kuwa, haɗa rawaya da ɗan ja da ɗigon baƙi, ka bi lanƙwasarsa a hankali, don nan ne mai saye zai fara duba.

Zabo ya fi sauƙi. Shimfiɗa toka-toka mai duhu, bari ya bushe sarai, sannan ka tsoma tsinken tsire cikin fari ka bi shi da ɗige-ɗige. Sa ja kaɗan a naman da ke reto gefen bakinsa. In kana son ciyawa ƙarƙashinsu, baƙi kaɗan cikin rawaya zai ba ka kore mai duhu.