Tsohuwar kyanwarmu ta kamu da ciwon ƙoda, ya za mu yi da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna da wata kyanwa, asali ta wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, da Allah ya yi mata rasuwa babu wanda ya waiwayi kyanwar sai muka riƙe ta, yanzu za ta kai shekara 13. Kwanan nan duk ta rame, sai shan ruwa kamar me, fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga amai, bakinta kuma yana wari. Mun kai ta asibitin dabbobi aka ɗebi jini aka ce ciwon ƙoda ne. Yarana sai kuka suke yi, dangi kuma suna min dariya wai ina zuba kuɗi a kan mage. Dan Allah tana warkewa? Me zan dinga ba ta? Daga wata uwa a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannunku da jinya, Allah ya saka da alheri da kuka riƙe baiwar Allahn nan bayan uwar ɗakinta ta rasu.

Bari in faɗa miki gaskiya tun farko dan kar ki yi ta yawon neman maganin da babu. Idan ciwon ƙoda ne irin na tsufa, wanda yake cin jiki a hankali, to ba ya warkewa, ɓangaren ƙodar da ya mutu ba ya dawowa. Amma fa rashin warkewa ba shi ne mutuwa gobe ba, akwai kyanwoyin da suke yin watanni har shekaru da shi suna cin abincinsu suna kwanciya a inuwa lafiya lau, in dai an samu mai kula. Aikinki yanzu shi ne ki lallaɓa ragowar ƙodar, ta ci, ta sha, ta ji daɗin jikinta.

Ita ƙoda kamar matacin koko take, tana tace dattin jini ta fitar a fitsari ta riƙe ruwan da jiki yake buƙata. In ta gaji sai ruwan ya dinga zubewa, shi ya sa kike ganin fitsari da yawa, ƙishi kuma ya biyo baya, dattin da ya taru a jini shi ke kawo tashin zuciya da amai da warin bakin nan. Abin takaicin shi ne sai wajen kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya tafi kafin alamu su fito fili, dan haka kar ki zargi kanki cewa kin yi sakaci, haka ciwon yake ɓuya.

Ki koma wajen likitan ki tambaye shi a wane mataki take, matakai 4 ne, ana gane su da awon kiriyatinin a jini, wato wani datti da ƙoda take tacewa. Ki roƙa a duba fitsari da sukari ma, saboda ciwon suga da ciwon maƙoƙo su ma suna kawo rama da shan ruwa a tsohuwar kyanwa, wani lokacin ma suna haɗuwa da na ƙodar. In akwai hali a auna hawan jini, dan yakan biyo ciwon ƙoda kuma yana iya makantar da ita farat ɗaya. Idan kayan aikin babu a nan kusa, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Jos da Maiduguri da ABU Zariya, amma ni dai ba na son a wahalar da tsohuwar dabba mara lafiya da doguwar tafiya cikin zafi, sau da yawa jinin kawai za a ɗiba a aika.

Ruwa shi ne rabin jinyar. Dan Allah kar a ce tana yawan fitsari a rage mata ruwa, wannan kashe ta ne. Ki ajiye mata kwanuka biyu ko uku a wurare daban daban, ɗaya kusa da inda take kwana dan tsofaffin ƙafafu ba sa son nisa, a canja safe da yamma, musamman watan Maris da Afrilu da zafin Gombe yake kaiwa digiri 40. Ruwan randa mai sanyi sun fi son shi. Lafiyayyar kyanwa mai kilo 3 buƙatarta wajen mililita 150 ce a yini, wato ba ta kai sulusin ledar fiya wata ba, in kika ga taki tana shanye fiye da rabin leda to ƙodar ce ke zubar da shi. Ki ɗan ja fatar bayan wuyanta ki saki, in ta tsaya ba ta koma da sauri ba, ko dasashinta ya bushe yana danƙo, ruwan jikinta ya yi ƙasa, likita zai yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, abu ne na mintuna kaɗan kuma za ki ga ta warware.

Sai abinci, nan ne mutanenmu suka fi kuskurewa cikin ƙauna. Busasshen kifi da ƙayarsa, kifin gwangwani, madara, hanta, ƙashi, duk suna da sinadarin fosfaras da yawa ko gishiri, shi kuwa fosfaras shi ke ƙara cinye ƙodar. Ragowar miyar gida ma a daina, akwai gishiri da magi, ga albasa da tafarnuwa da suke fasa ƙwayoyin jinin kyanwa. Akwai abincin da aka haɗa musamman dan masu ciwon ƙoda irin su Royal Canin Renal da Hill's k/d, shi ya fi, sai dai tsada kuma sai an yi oda daga Abuja ko Legas. In babu hali ba laifi, a dafa tsokar kaza ba gishiri ba ƙashi, a haɗa da farin dafaffen ƙwai da 'yar shinkafa mai laushi, a zuba romon a kai, ki nuna wa likitanku ya daidaita miki awon, akwai ma garin magani da ake barbaɗawa a abinci yana kama fosfaras ɗin. Kar dai a yanke mata nama gaba ɗaya, kyanwa ba ta rayuwa a kan tuwo. Ki ɗan ɗumama abincin ƙamshi ya tashi, kaɗan kaɗan sau huɗu ko biyar. In ta ƙi sabon abincin ki ba ta wanda za ta ci, domin kyanwa ta yi kwana biyu zuwa uku ba ci hantarta na iya taɓuwa, kuma akwai maganin amai da na buɗe ciki da likita zai rubuta.

Wannan kuma ina roƙonki ki faɗa wa kowa a gidan har yara: kar a ba ta farasitamol, ko ɓari. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana kashe ta. Haka ibufurofen da dikilofenak, ƙodar suke ƙarasawa. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a bari.

Maganar dariyar dangi kuwa kar ta dame ki. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha, kuma Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Ki yi daidai ƙarfinki, ba a ce ki ci bashi ko ki taɓa kuɗin makarantar yara ba. Su kuma yaran kar a ɓoye musu, a ce musu ta tsufa kuma ba ta da lafiya, a ba kowa aikinsa, wannan ya canja ruwa, wancan ya gyara mata tsumman kwanciya da kaskon yashin da take fitsari, yana rage musu damuwa sosai.

Ki samu ɗan littafi ki dinga rubutawa kullum, ta ci ko ba ta ci ba, amai sau nawa, tana fitowa ta zauna cikinku ko ɓuya take yi, a auna nauyinta duk sati biyu. Ranar da kika ga ta daina ci da sha gaba ɗaya, ko fitsarin ya tsaya, ko ta kasa tashi, ko tana fizge-fizge, kar a jira gari ya waye, a kira likita. A nan ne zai gaya miki ko akwai sauran abin yi ko kuma wahala kawai take sha, in maganar allurar hutar da ita, wato wadda za ta kawo ƙarshen rayuwarta ba tare da wahala ba, ta taso kuma zuciyarki ba ta natsu ba, ki tuntuɓi malamin da kika yarda da iliminsa kafin ki yanke shawara. Ki turo min sakamakon jinin da nauyinta in duba miki matakin da take.