Hannun jarin kamfanonin cip: a saya ko a dakata?

Wasiƙun wannan mako kusan duk kan abu guda suka zo, wato kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, ɗan ƙaramin abin nan da ake kira cip, wanda ke cikin waya da kwamfuta da mota.

Wani Alhaji mai sayar da kayan waya a babbar kasuwar Garwa ya ce yana da sefa miliyan 3 a ajiye, ɗansa na matsa masa ya sayi hannun jarin Nvidia, shi kuma yana jin ana cewa Sin za ta afka wa Taiwan. Me ya haɗa su?

Alhaji, tambayarka ta fi ta ɗanka hankali. Nvidia kamfanin Amurka ne, amma zane kawai yake yi, ba shi da masana'antar kansa. Kamfanin TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, shi ke ƙera masa, haka ma Apple da AMD. Kusan kashi 90 cikin 100 na cip mafi inganci a duniya daga tsibirin nan suke fitowa, tsakaninsa da gaɓar Sin kuwa kilomita 130 ne a inda ruwan ya fi ƙunci. Sin na cewa Taiwan nata ne, kuma a watan Agustan 2022, da Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, ta kai ziyara Taiwan, sojojinta sun zagaye tsibirin da atisaye. Ka san yadda kasuwar Kuseri ke zama ranar da aka rufe gadar Ngeli? To, haka lamarin yake, sai dai wannan gadar duk duniya ke bi ta kanta. Ba sai an harba harsashi ba, a tare jiragen ruwa na 'yan makonni ya isa. TSMC ya gina masana'antu a jihar Arizona ta Amurka da Japan, yana gina wata a Jamus, amma uwar aikin na nan a Taiwan. Ko kamfanin Warren Buffett, shahararren attajirin Amurka mai zuba jari, ya zuba sama da dala biliyan 4 a TSMC a 2022, cikin 'yan watanni ya janye, ya ce kamfanin ba shi da laifi, mazauninsa ne bai kwanta masa ba.

Ban da yaƙi akwai alƙalamin gwamnatoci. Ranar 7 ga Oktoban 2022 Amurka ta hana sayar wa Sin manyan cip da injinan ƙera su. Kamfanin ASML na Holan, wanda shi kaɗai ke yin injin da ke zana cip mafi ƙanƙanta, ba a ba shi izinin kai wa Sin irin wannan injin ba. Sin ta rama a 2023 da taƙaita fitar da ma'adinan galiyom da jamaniyom, waɗanda ake amfani da su wajen ƙera wasu cip. Sanarwa ɗaya daga Washinton kan sauya farashi kana barci. Idan miliyan ukun nan ita ce jarin shagonka, bar ta a shago. Idan rara ce, kada ka wuce kashi ɗaya cikin goma, kuma ka raba sayen wata-wata maimakon ka zuba lokaci guda.

Wani matashi daga Marwa ya tambaya wane hannun jari ne zai ninka kafin babbar Salla. Ɗana, da na sani da ban zauna amsa wasiƙu ba.

Malam mai koyarwa a Ngaundere ya ce ya raba ƙafa: ya sayi Nvidia da AMD da TSMC, ko ya tsira? Malam, buhu uku ka ɗora a kwalekwale ɗaya. Duk ukun da Taiwan suka dogara. Ko asusun da ke tattara kamfanonin cip masu yawa, a 2022 ma'aunin wannan fanni a Amurka ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin uku, Nvidia kuma ya rasa kusan rabin darajarsa. Raba ƙafa na gaske shi ne wani kaso ya tafi abin da ba ruwansa da cip, ko fili ne, ko masara da albasa, ko takardun bashin gwamnati in malaminka ya yarje maka.

Yanzu ga wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai. Wata Hajiya a Injamena ta kwashe adashenta, jaka 500, ta tura ta waya ga wani da ta haɗu da shi a zauren WhatsApp. Ya buɗe mata manhaja, kullum tana ganin riba na hauhawa, amma da ta nemi cirewa sai aka ce ta fara biyan jaka 75 na haraji. Tana tambaya ko ta biya.

Hajiya, kada ki ƙara ko dala, ta sefa biyar nake nufi, ba ta Amurka ba. Ba wautarki ba ce, an tsara abin ne don ya yi kama da gaskiya, kuma manyan 'yan boko ma sun faɗa. Ki adana hoton kowane saƙo da lambar da kika tura wa kuɗin da rasiɗin, ki kai ƙara wurin hukuma da ofishin kamfanin wayar tun yau. Duk wanda ya kira ki daga baya ya ce zai ƙwato miki kuɗin in kin ba shi wani abu, ɗan gidansu ne.

Sauran masu karatu kuma ku saurara, domin na gaji da ganin irin wannan wasiƙa. Mutum zai yi rabin sa'a yana jujjuya caja ta jaka biyu yana duba ko jabu ce, amma ya tura rabin miliyan ga lambar da bai san mai ita ba. Kasuwar hannun jarin yankinmu, BVMAC da ke Duwala, kamfanoni ƙalilan ne a cikinta irin su Socapalm da Safacam, babu na cip ko ɗaya. Saboda haka Nvidia ko TSMC sai ta hannun dillali na ƙasar waje. Dillalin gaske zai nemi fasfo da shaidar adireshi, ya sa ka cike takardar harajin Amurka mai suna W-8BEN, kuɗin kuma ta banki suke tafiya zuwa asusun kamfani, bisa ƙa'idar canjin kuɗi ta BEAC, inda bankinka zai tambaye ka takardu. Ba ya karɓar kuɗi a lambar wayar wani mutum, ba ya alƙawarin riba kaza a wata. Haraji a cikin kuɗinka ake cire shi, ba a cewa ka biya kafin a saki. Wanda ya ce yana tara jarin jama'a a nan, nemi sunansa cikin waɗanda COSUMAF, hukumar da ke sa ido kan kasuwar jari ta yankinmu, ta ba lasisi.

Har cikin manhajojin da ba na damfara ba akwai tarko. Da yawa ba hannun jari suke sayar maka ba, yarjejeniya ce da ake kira CFD, caca kan hawa da saukar farashi, da kuɗin aro a kai. In sun ninka maka sau goma, faɗuwar kashi 10 ta cinye jarinka kaf. Ranar 27 ga Janairun 2025, da labarin DeepSeek na Sin ya ɓulla, wato kamfanin fasahar AI da ya ce ya gina manhajarsa da araha, Nvidia ya faɗi kusan kashi 17 a yini ɗaya. Wanda ya mallaki hannun jarin gaske ya ji jiki ya jira, mai kuɗin aro kuwa aka rufe masa asusu kafin asuba.

Ga ma'aikacin banki a Garwa da ya ce jarinsa ya hau amma da ya lissafa a sefa bai ga riba ba: kuɗinmu a ɗaure yake da yuro, sefa 655.957 kowane ɗaya, jarinka kuma da dala yake. A farkon 2025 dala ta haura sefa 630, zuwa tsakiyar shekara ta sauko wajen 560. Ƙara da kuɗin aikawa na banki, da kashi 30 da Amurka ke yanka daga rabon ribar kamfanoninta, tunda Kamaru da Chadi ba su da yarjejeniyar haraji da ita. Ka riƙa rubuta nawa ka fitar a sefa ranar saye, da shi za ka auna ranar sayarwa.