Amsa ga Yaya: abin da ya sa hirarmu ba ta wuce ta mai

Yaya, bayan gaisuwa. Ka ce duk ɗan'uwanmu da ya zauna a nan yana aikin murza alminiyam, da ya buɗe baki sai zancen mai, kamar ba ƙarfe ne aikinsa ba. Haka ne kuwa, kuma da dalili.

Fallen alminiyam yana bi ne ta tsakanin rola biyu na ƙarfe, su matse shi har ya yi siriri. Man da ya samu shiga wannan matsatsin shi ke yanke yadda fuskar fallen za ta fito. In man ya yi kauri, ko injin na gudu sosai, sai mai da yawa ya shige ya raba rola da ƙarfen. Fuskar ba ta samu gugar rola ba ke nan, sai ta fito a dusashe, cike da 'yan ramukan da ido ba ya gani. In kaɗan ne ya shiga, santsin rola ya hau kan fallen, ya fito yana sheƙi. Amma in ya yi ƙaranci ƙwarai, alminiyam ƙarfe ne mai son mannewa: ya lafe a jikin rola, daga nan duk abin da ya biyo baya sai ya fito da karce. Tsakanin waɗannan biyun muke wuni.

Shi ya sa a murzar sanyi ake amfani da mai marar kauri, dangin kananzir, a ɗan ƙara masa sinadaran da ke kama jikin ƙarfe. Ita kuwa murzar zafi, inda ƙarfen ke kaiwa wajen digiri 500, ruwa ne gauraye da mai, don rola na buƙatar sanyaya.

Ka duba takardar alminiyam ta naɗe kaya, gefe ɗaya na ƙyalli, ɗayan a dusashe. A zagayen ƙarshe falle biyu ake haɗawa a murza tare. Gefen da ya taɓa rola shi ke sheƙi, na cikin da ya kwanta a kan ɗan'uwansa ba ya yi.

Sabon ma'aikacin da ya zo mana, kafin ya san maɓallan inji muna koya masa duba falle a ƙarƙashin fitila, ya karkata shi, ya san dusashe daga karce. Muna hana shi taɓa shi da hannu mai gumi, domin danshi na barin farin tabo. Sai tace mai: garin alminiyam na taruwa a ciki ya baƙanta shi, in ba a tace ba fallen ya fito da dauɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani man inji mai kauri ya ɗiga cikin na murza. Ba ka ganewa nan take, sai an naɗe fallen an kai shi tanda an gasa shi don ya yi laushi. Man kirki ya ƙafe ya tafi, wancan kuwa ya ƙone a jiki, a warware naɗi a tarar da tabo ruwan ƙasa, aikin mutane da yawa ya koma narkawa.

A gaida mutanen gida.