Filin Tambayoyin Kwamfuta: Na miƙa wa Windows kati, sauti na yankewa, maus na jan ƙafa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ina da ɗan shago a Birnin Kebbi inda muke gyaran bidiyon biki da na walima, kwamfuta guda ce babba na sa mata Proxmox, wato manhajar Linux da ke ba ka damar buɗe wata kwamfuta a cikin kwamfuta, a cikinta na buɗe Windows na miƙa mata katin hoto kai tsaye, da wani tsohon katin ɗaukar bidiyo da muke kwashe tsoffin kaset da shi. Matsala biyu gare ni. Sautin da ke fita ta HDMI sai ya riƙa ƙarce-ƙarce yana yankewa, sannan in anka kunna tsohon katin ba a jimawa maus da kibod da ke maƙale ta USB su fara jan ƙafa. Na duba dmesg, inda Linux ke nuna saƙonninta, na ga an rubuta "irq 16: nobody cared" da "Disabling IRQ #16". Wani abokina ya ce in sa nointxmask=1 shi ke nan, wani kuma ya ce allow_unsafe_interrupts=1. Don Allah mi wanga abu ke nufi, wanne zan bi?

Daga mai karatu a Birnin Kebbi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Na ji daɗi da ka turo abin da dmesg ta rubuta, don da shi na gane inda gizo ke saƙa. Matsalolin naka biyu tushensu ɗaya, wato yadda kati ke kiran firosesa in yana da buƙata, abin da masu sana'ar ke ce wa intarof, mu ce katsewa.

Tsohuwar hanyar sunanta INTx. Waya ce a zahiri, katin PCI na da ƙafafu huɗu na wannan aiki, INTA zuwa INTD, kuma kati biyu ko uku na iya haɗa layi ɗaya. Halin wannan layi shi ne in kati ya ɗaga shi to ba ya saukewa har sai direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ya zo ya taɓa shi ya ce na ji. To a wurinka direban katin ba ya cikin Proxmox, yana can cikin Windows, amma Proxmox ɗin ce kiran ke fara isowa gare ta.

Ka ɗauka wani ya zo zaure yana ta sallama, wurin baƙon da ka sauka a ɗakin ciki ya zo, kai mai masauki ba ka san maganar da ke tsakaninsu ba kuma shi ba zai daina sallama ba sai ya ga baƙon. Abin da za ka yi ka ce masa dakata, ka aika yaro ciki, in sun gama sannan ka sake buɗe kunne. Wannan dakatan ita ce toshe katsewa. Sashen Linux mai suna VFIO, wanda ya shiga kenel, wato zuciyar Linux, a fitowa ta 3.6 cikin 2012, shi ke yin ta, da kira ya iso sai ya toshe, ya sanar da KVM, sashen da ke tafiyar da Windows a cikin Proxmox, KVM ta shigar wa Windows, direba ya yi aikinsa ya ce na gama, sannan a cire toshiyar. In ba a toshe ba firosesa ba za ta samu numfashin da za ta bai wa Windows dama ta amsa ba ma, kiran zai yi ta dawowa ne babu iyaka. Don haka kar wanda ya ce maka toshewar ce cutar, dole ce.

Sai dai tana da tsada. Kowane kira sai an fita daga Windows an shiga uwar kwamfuta, wato Proxmox, an dawo, in an gama a sake fita a buɗe layin, kuma sauti abu ne da ba ya jira ko kaɗan, in guntun da ya kamata ya iso yanzu ya makara kunnenka zai ji. Ga ƙarce-ƙarcenka nan a mafi yawan lokuta.

Tsohon katin shi ne mai doguwar magana. Wurin toshewa biyu ne. Tun tsarin PCI 2.3 na 2002 aka ƙara wa kati makunni a jikinsa wanda ke hana shi ɗaga layin, da wata alama da ke nuna ni ne na yi kira. In kati na da su, VFIO sai ya duba alamar, in nasa ne ya rufe bakin katin shi kaɗai, sauran masu haɗa layin su ci gaba da harkarsu. Amma akwai katunan da ke karɓar makunnin kamar da gaske alhali ba sa tsayawa, ko alamar tasu ba ta faɗin gaskiya. Sai kira ya zo, VFIO ya duba ya ce ba nawa ba ne, direban USB ya duba ya ce ba nawa ba ne, layi kuma na nan a ɗage. Kenel na ƙirga wannan, in cikin kira 100,000 sama da 99,900 ba mai shi sai ta rufe layin gaba ɗaya ta rubuta abin da ka gani. Daga nan duk wanda ke kan layi na 16 sai dai a riƙa leƙa shi sau goma a daƙiƙa, shi ya sa maus ɗinka bai mutu ba amma yake tafiya a daddafe.

A nan abokinka na farko yana da gaskiya, sai dai bai ƙarasa maka zancen ba. Ita nointxmask=1 tana gaya wa vfio-pci, direban VFIO na katuna, kar ya yarda da makunnin jikin kati, ya toshe layin dungurungum daga can wurin da layukan ke haɗuwa. Wanda zai toshe layi duka kuwa dole layin ya zama nasa shi kaɗai, in USB na kan layin, Windows ba za ta ma tashi ba. Kuma saitin ya shafi duk katin da ke hannun vfio-pci, har da katin hoton. To kafin ka sa, buga cat /proc/interrupts ka dubi layi na 16, a ƙarshen sahun za ka ga sunayen masu haɗa shi, in ka ga vfio-intx tare da wani to kashe kwamfutar, cire wuta, ka mayar da katin wani ramin a madabod ka sake dubawa. Sau da yawa canjin rami kaɗai ke raba su.

Katin hoto kuwa ni shawarata ka fitar da shi daga wannan rigima baki ɗaya, ka mayar da shi MSI. A MSI babu waya, katin rubuta ɗan saƙo yake yi zuwa wani adireshi sau ɗaya ya yi shiru, ba ya haɗa layi da kowa, ba sai an toshe an buɗe a kowane kira ba. MSI na kaiwa har kira iri 32, ƙanwarta MSI-X har 2048, a MSI-X kowanne da makunnin toshewarsa a teburi, in kira ya zo yana toshe sai a ajiye alamar jira. Buga lspci -vv lokacin da Windows ke aiki, in ka ga MSI: Enable- to katin ya iya amma ba a kunna ba. A rajistar Windows, ƙarƙashin katin a Enum\PCI, ka bi Device Parameters, Interrupt Management, MessageSignaledInterruptProperties, ka sa MSISupported ya zama 1. Ka lura katin hoto fuska biyu gare shi, ta hoto mai ƙarewa da .0 da ta sauti mai ƙarewa da .1, mutane kan yi wa ta farko su manta ta biyu alhali ita ce mai ƙarcen. Ka ɗauki sinafshot, wato ajiyar yadda Windows take yanzu da za ka iya komawa gare ta, tukuna don in kati bai yarda ba Windows na iya ƙin tashi, ga aikin mutane a ciki. In ta yi, a Device Manager lambar IRQ ɗin za ta koma mai alamar debewa a gaba, a Proxmox kuma ka ga vfio-msi. Bayan sabunta direba ka sake leƙawa, wani lokaci saitin na komawa yadda yake.

Maganar abokinka na biyu ita ce ban so ba sam. Wancan saitin bai da alaƙa da matsalarka, na kwamfutocin da IOMMU ɗinsu, wato mai gadin da ke tsakanin katuna da uwar kwamfuta, VT-d a Intel ko AMD-Vi, ba ya iya tantance saƙonnin katsewa ne. Tunda MSI rubutu ne kawai, katin da ke hannun Windows zai iya ƙirƙiro kiran ƙarya ya jefa wa uwar kwamfuta in babu mai tantancewa, kuma wannan saitin cewa yake na yarda a tafi a haka. Kai da filasha ke shigo maka shago daga hannu daban-daban kullum, kar ka buɗe wannan ƙofa. Tunda Windows ɗinka na tashi da katunan ba tare da shi ba, alama ce tantancewar na aiki, ka tabbatar da dmesg | grep -i remapping ka bar shi a kashe.