Shin ya halatta in yabi alƙalin da ba Musulmi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin lauya ne. An ba mu aiki kan David Davis, lauyan Amurka da ya zama alƙali kuma sanata. Adalcinsa ya burge ni har na yabe shi a rubutuna, sai wani abokina ya ce yabon kafiri haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka yi halal ne, abokinka ya ƙuntata abin da shari'a ta yalwata.

Mu fara duba abin da aka yaba. Davis aminin Abraham Lincoln ne, shi ya jagoranci fafutukar sama masa takarar shugaban ƙasa a 1860, Lincoln kuma ya naɗa shi Kotun Ƙoli a 1862. Lokacin yaƙin basasa, kotun soja ta yanke wa wani farar hula mai suna Milligan, ɗan jihar Indiana, hukuncin rataya. Da maganar ta iso Kotun Ƙoli a 1866, Davis ne ya rubuta hukuncin cewa soja ba su da hurumin yi wa farar hula shari'a matuƙar kotunan gari suna aiki. Wato ya rushe wannan tsari na gwamnatin amininsa Lincoln, wanda aka kashe shekara guda kafin nan, ya kuɓutar da mai adawa da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alƙalai nawa ne za su iya?

Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci, kuma faɗin gaskiya game da mutum yana cikin adalci. Annabi (SAW) ya tura sahabbai Habasha, ya siffanta Najjashi da sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa, alhali a lokacin Kirista ne. Bayan yaƙin Badar ma ya ambaci Muɗ'im ɗan Adiyyu da alheri, ga shi a kan shirka ya mutu. Hadisin yana cikin Bukhari.

Sai dai akwai iyaka. Ka yabi aikin, kada ka yabi aƙidar, kada kuma ka fifita dokarsu a kan shari'ar Allah. Ba ka ce masa "Allah Ya jiƙansa", domin aya ta 113 a Suratut Tauba ta hana nema wa wanda ya mutu a kan kafirci gafara. In ka kiyaye waɗannan, miƙa aikinka yadda ka rubuta shi.

Wallahu a'alam.