Sunan Ksenia da kalmar xenophobia: tushensu ɗaya ne?

Tambaya: Malam, ina yawan jin kalmar xenophobia a labaran Afirka ta Kudu. Ga shi kuma ina da abokiyar karatu 'yar Rasha mai suna Ksenia, ta ce sunanta Girkanci ne kuma dangin wannan kalma ne. Ta yaya iyaye za su raɗa wa 'yarsu suna mai alaƙa da ƙin baƙi?

Amsa: Malama, gaskiya ta faɗa miki, amma babu ɗigon ƙiyayya a sunan. Duka biyun sun fito daga xenos, ana furta shi "ksenos". Ita xenophobia Turawa ne suka ƙera ta wajen ƙarshen ƙarni na 19, suka haɗa xenos da phobos, wato tsoro. Sunan kuwa ya girme ta nesa ba kusa ba.

Xenos a bakin Girkawan da shi ne baƙo: wanda ba ɗan gari ba, da kuma wanda ka saukar a gidanka. Kai har mai masaukin ma da wannan sunan ake kiransa, domin zumuncin ya ɗaure su biyun. Zumuncin shi ne xenia, kuma nan sunan ƙawarki ya samo asali. Ƙa'idarsa ita ce in baƙo ya iso, a ba shi ruwan wanka da abinci tukuna, sai ya ƙoshi a tambayi sunansa da inda ya fito. A addininsu na lokacin babban gunkinsu Zeus yana da laƙabin Xenios, mai kare baƙi, saboda haka cutar baƙo saɓo ne. Wasu ma in za su rabu sukan karya ɗan ƙashi gida biyu, kowa ya riƙe ɓari. Bayan shekaru ɗan wannan zai je garin wancan da ɓarinsa, a haɗa, in ya dace a buɗe masa ƙofa. Ɓarin nan shi ne symbolon.

Wurin da ya fi taɓa ni yana cikin waƙar Iliad ta Homer. Mayaƙa biyu, Diomedes da Glaukos, sun fuskanci juna a filin daga, sai suka gano kakan ɗaya ya taɓa saukar da kakan ɗaya har kwana 20. Nan take suka fasa faɗa, suka yi musabaha, suka yi musanyar sulke. Gadon baƙunci ya rinjayi gabar yaƙi.

Shi ya sa sunaye suka yawaita daga wannan tushe. Philoxenos, mai son baƙi. Polyxena, mai yawan baƙi. Xenophon, almajirin Socrates, sunansa baƙuwar murya.

Kalmar da ke ɗauke da raini daban take: barbaros. Kwaikwayon sauti ce, wai duk wanda ba ya jin Girkanci "bar-bar" kawai yake yi. Da farko Bamisire da Bafarishe duk barbaros ne, komai wayewarsu. Bayan yaƙe-yaƙe da Farisa a 490 da 480 kafin Miladiyya ne ma'anar ta karkata zuwa bagidaje marar tarbiyya. Daga ita aka sami sunan mata Barbara.

Kada dai ki ɗauka kowane baƙo a kan shimfiɗa yake. Birnin Sparta yakan kori baƙi lokaci-lokaci. A Atina kuma baƙon da ya zauna dindindin metoikos ne, mai zaman cin arziki: namiji ya biya harajin dirakma (kuɗin Girkawa) 12 a shekara, macen da ba ta ƙarƙashin wani namiji 6, dole ya sami ɗan gari da zai tsaya masa, ba ya zaɓe, ba ya mallakar fili sai da izini na musamman. Dokar Pericles, jagoran Atina, ta 451 kafin Miladiyya ta ƙara tsuke ƙofa, ta ce sai uwa da uba duk 'yan Atina ne mutum zai zama ɗan ƙasa. Masanin falsafa Aristotle da kansa, wanda mutumin garin Stagira ne ba ɗan Atina ba, a wannan matsayi ya koyar a birnin, kuma da ɗalibinsa Iskandar, sarkin Masedoniya, ya rasu a 323 kafin Miladiyya aka taso wa masu alaƙa da Masedoniya, dole ya tattara ya bar garin.