Ƙungiya na cin kofi, taurarinta na tafiya: yaya Penrith ta yi shekara huɗu tana mulki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Karatu ne ya kawo ni Sydney ta ƙasar Ostireliya, kuma ni ɗan ƙwallon ƙafa ne tun daga gidan kallo na unguwarmu. A nan sai na tarar ƙwallon zari-ruga mai 'yan wasa 13 ce ake yayi, har abokai suka ja ni na fara bin babbar gasar wasan, wato NRL. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Penrith Panthers. Ta ci kofi sau huɗu a jere, amma duk shekara sai an ji manyan 'yan wasanta sun koma wata ƙungiya, kuma an ce ko sisi ba a biya ta. A Turai wanda ya ci kofi shi ke sayen na wasu. Me ya sa ba ta riƙe su? Kuma me ya hana ta faɗuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Kafin mu shiga maganar Penrith, sai ka ajiye lissafin gidan kallo a gefe, domin kasuwar 'yan wasa a NRL ba irin ta Real Madrid da Manchester City ba ce.

A NRL akwai iyakar albashi. Tun 1990 aka kawo wannan doka a gasar da ta haifi NRL ɗin yau. Kowace ƙungiya cikin 17 tana da manyan 'yan wasa 30, kuma jimillar abin da za ta biya su a shekara ba za ta wuce abin da hukuma ta yanke ba, wanda a 'yan shekarun nan yake tsakanin dala miliyan 11 da 12 na kuɗin Ostireliya. Mai arziki da talaka mudu ɗaya aka ba su. Ko attajirin da ke bayan ƙungiya ya kai Ƙaruna, ba zai ƙara ko ƙwandala a kan mudun ba. Sannan galibi ba a sayen ɗan wasa. Kwantiraginsa ya ƙare, ya ɗauki jakarsa ya tafi inda aka fi ba shi, tsohuwar ƙungiyarsa kuwa sai dai ta yi masa addu'a. An taɓa gwada raba 'yan wasa ta hanyar zaɓe bi da bi a 1991, 'yan wasan suka kai ƙara, kotu ta soke shi saboda ya tauye musu 'yancin neman abinci.

Dokar kuma ba ta wasa ba ce. A 2002 an zabtare wa Canterbury Bulldogs maki 37 saboda ta tsallake iyakar. A watan Afrilun 2010 aka gano Melbourne Storm tana biyan wasu 'yan wasa ta bayan fage, aka ƙwace kofunanta na 2007 da 2009, aka sa ta buga sauran kakar 2010 ba tare da ana rubuta mata maki ba. Parramatta ta rasa maki 12 a 2016. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, duba abin da cin kofi ke jawowa a irin wannan tsari. Yaron da ake biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da zarar ya ɗaga kofi, ko aka kira shi ya buga wa jiharsa a State of Origin, wato karawar jihohin New South Wales da Queensland, farashinsa ya ninka. Ba shi kaɗai ba, su biyar ko shida ne a lokaci guda, mudun kuwa yana nan yadda yake. Saboda haka nasarar da kanta ce ke tarwatsa ƙungiya, kuma da gangan aka tsara hakan don kada kofi ya tare a gida ɗaya. Shi ya sa kafin Penrith, rabon da a ga ƙungiya ta ci huɗu a jere tun St George da ta ci 11 daga 1956 zuwa 1966, zamanin da babu wannan doka.

Ga kaɗan daga waɗanda suka tafi. Bayan kofin 2021, Matt Burton ya koma Bulldogs, Kurt Capewell ya koma Brisbane. Bayan na 2022, Viliame Kikau ya bi sahun Burton, Api Koroisau ya nufi Wests Tigers. Bayan na 2023, Stephen Crichton ya tafi Bulldogs, Spencer Leniu ya tafi Roosters. Bayan na 2024, Jarome Luai da Sunia Turuva suka koma Tigers, James Fisher-Harris kuma ya roƙi a sallame shi ya koma gida New Zealand saboda iyali, ya shiga Warriors. Har mataimakan koci ba a bari ba: Cameron Ciraldo ya karɓi Bulldogs, Andrew Webster ya karɓi Warriors. In ka haɗa waɗannan mutane wuri ɗaya, ƙungiya ce da za ta iya neman kofi da kanta.

Akwai wata ƙa'ida da za ta ba ka mamaki. Daga 1 ga Nuwamba, duk wanda ya rage masa shekara ɗaya a kwantiragi yana da damar yin ciniki da kowa. Ma'ana, ɗan wasa zai iya sa hannu da abokan hamayya, kowa ya sani, sannan ya yi kaka guda cur yana sanye da tsohuwar rigarsa. Luai ya buga dukkan kakar 2024 alhali an san na Tigers ne, ya kuma ɗaga kofin kafin ya tafi. A ƙwallon ƙafa da magoya baya sun yi masa ihu. A nan an saba, ko da yake ni dai har yau ina ganin abin yana da nauyi a zuciyar mai goyon baya. Amfaninsa ga ƙungiya shi ne tana da shekara guda ta shirya magaji.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa. A ganina aikin mai kula da ɗauka da riƙe 'yan wasa a NRL, mafi wuyarsa shi ne sanin wanda za a bari ya tafi. Kowa zai iya cewa a riƙe gwani. Amma taura biyu ba ta taunuwa, dole a zaɓa, kuma Penrith ta iya zaɓe.

A wannan wasa akwai gurabe huɗu da ake kira ƙashin bayan ƙungiya: mai lamba 1 da ke can baya, masu lamba 6 da 7 da ke tsara kai hari, da mai lamba 9 da ke fara taɓa ƙwallo bayan kowane kamu. A zamanin yau ana haɗa su da mai lamba 13. Su ne suka fi tsada, su ne kuma suka fi wuyar samu. Penrith ta ɗaure mai lamba 7, Nathan Cleary, da doguwar yarjejeniya. A 2022 shi da mahaifinsa Ivan, wanda shi ne kocin, suka sa hannu har zuwa 2027. Ta riƙe Dylan Edwards a lamba 1, Isaah Yeo a lamba 13, ta ƙara da Brian To'o, Liam Martin da Moses Leota. Sauran gurabe kuwa ta yarda za ta iya cike su daga cikin gida. Crichton gwani ne na gaske, har ya zama kyaftin ɗin Bulldogs, amma kuɗin da za a riƙe shi da su a gurbinsa sun isa a biya matasa biyu ko uku. Ko a ƙashin bayan ma, da abin ya zo wuya ta saki Koroisau ta ɗora Mitch Kenny, wanda ya daɗe yana jiran layi. Bai kai Koroisau wayo da ƙwallo ba, amma ya san tsarin ƙungiyar kamar yunwar cikinsa, kuma bai ci rabon wasu ba.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai da rumbu a cike. Penrith gari ne a can yammacin Sydney, kusa da gindin tsaunukan Blue Mountains, yankin masu ƙaramin ƙarfi da iyalai masu 'ya'ya da yawa, cikinsu har da ɗimbin 'yan asalin Samoa da Tonga. Gasar yaranta tana cikin mafiya girma a wannan wasa. Luai da To'o da Crichton duk a yankin Mount Druitt suka tashi, su ne kuma suka kai Samoa wasan ƙarshe na cin kofin duniya a Old Trafford a 2022. Amma yaran sun daɗe a wurin, da can wasu ƙungiyoyi ke zuwa su kwashe su. Abin ya sauya ne bayan Phil Gould, tsohon kocin ƙungiyar, ya karɓi ragamar harkar wasa a 2011. Ya sa aka mai da hankali kan renon yara, aka buɗe makarantar horo ta ƙungiyar a 2016, aka kuma miƙa hannu zuwa karkarar New South Wales, jihar da Sydney take. Yeo da Burton 'yan Dubbo ne, Martin ɗan Temora. Gould ya bar Penrith a 2019, kafin a ci ko kofi ɗaya daga cikin huɗun. Shi ya yi shuka, wasu suka yi girbi, kuma ba abin mamaki ba ne da da dama daga cikin masu barin Penrith suka riƙa sauka a Bulldogs, inda ya koma a 2021.

Yaro yana hawa gasanni mataki-mataki: Harold Matthews na 'yan ƙasa da 17, SG Ball na 'yan ƙasa da 19, Jersey Flegg na 'yan ƙasa da 21, sai NSW Cup na 'yan jiran gado, sannan NRL. A kowane mataki salo ɗaya ake koya masa, kira ɗaya, tsarin tsaron gida ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 2022 Penrith ta ci SG Ball da Jersey Flegg da NSW Cup da NRL duk a shekara guda, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi. A wurina wannan ya fi kowane kofi ɗaya bayyana sirrinta. Kuma ga ribar a lissafin kuɗi: matashin gida yana buga wasan da ya fi albashinsa daraja na shekara biyu ko uku kafin kasuwa ta farga. A cikin wannan giɓi tsakanin abin da yake bayarwa da abin da ake biyan sa ake cin kofi.

In Penrith ta fita kasuwa, ba ta cika neman mai suna ba. Tana neman wanda aka yi watsi da shi, mai araha, mai yunwa. Scott Sorensen ya zo daga Cronulla ba a san shi sosai ba, ya tashi da kofi huɗu. Paul Alamoti ya zo daga Bulldogs a 2024, ya ci maki a wasan ƙarshe da suka doke Melbourne 14 da 6.

Ka nemi bidiyon wasan ƙarshe na 2023 ka kalli minti ashirin na ƙarshe. Brisbane na gaba da 24 da 8, ɗan wasanta Ezra Mam ya tsallake layi ya ci maki sau uku, Luai mai lamba 6 ya fita riƙe da kafaɗa. Wanda ya shigo madadinsa shi ne Jack Cogger, wanda aka ɗauko daga Huddersfield ta Ingila a kan shekara ɗaya don ya zauna a benci. Cogger ya riƙa karɓar ƙwallon farko yana miƙawa a natse, wannan ya ba Cleary sarari ya matsa gefe. Cleary ya keta ya ba Leota, ya buga wata doguwar ƙwallo da ta mayar da wasa gidan Brisbane, ya ba Crichton, sannan ana saura 'yan mintoci ya kutsa da kansa ya dangwala a kusa da turaku. An tashi 26 da 24. Duniya ta yabi Cleary, kuma ya cancanta. Amma wanda ya yanke shawarar kashe ɗan kuɗi a kan Cogger shekara guda kafin nan, shi ma da hannunsa a kofin.

Kada ka ɗauka samun yara kaɗai ya wadatar. Wests Tigers ma tana da yanki mai albarka, ita ta reni James Tedesco da Mitchell Moses da Aaron Woods, amma a 2017 duk ukun suka zaɓi tafiya. Rabonta da wasannin neman kofi tun 2011, ta kuma ƙare a ta ƙarshe a 2022, 2023 da 2024. Ƙungiyar da ba ta cin wasa sai ta biya fiye da ƙima kafin gwani ya yarda ya zo, kuɗin ya cinye rabon wasu gurabe, rashin nasara ya ci gaba. Mai nasara kuwa sau da yawa ɗan wasa kan haƙura da ragi don ya zauna, saboda kofi, da gida, da abokan da suka taso tare. Ban ga laifin wanda ya tafi ba kuma. Wasa ne na karo da jiki, rauni ɗaya zai iya kawo ƙarshen sana'a, kuma da yawansu danginsu kaf a kansu suka dogara.

Tsarin ma yana da iyakarsa. A 2025 Penrith ta taɓa zama ta ƙarshe a teburi a tsakiyar kaka, ta farfaɗo ta ƙare a ta bakwai, sannan Brisbane ta fitar da ita da 16 da 14 ana saura wasa ɗaya a kai na ƙarshe. Rashin Luai da Fisher-Harris ya nuna. Gaba kuma matsin zai ƙaru, domin Perth Bears za ta shigo gasar a 2027, ƙungiyar Papua New Guinea kuma a 2028, kowace da mudunta wayam tana neman mutum 30.

Tunda kana Sydney, ga shawara. Wasannin SG Ball ana yin su ne a farkon shekara, daga wajen Fabrairu, kafin babbar gasa ta kankama, a ƙananan filaye inda za ka tsaya dab da layi kana jin karon kafaɗa da muryar iyaye. Ka je ka kalli na Penrith, ka rubuta sunan mai lamba 6 da mai lamba 9 a wayarka, ka sake duba su bayan shekara uku.